BABI NA UKU: HAƊA RIGAR KWAMFUTAR ALLO A GIDA BISA TSARIN TADARISHI DA GAFAKA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayanin sana'ar dukanci a ƙasar Hausa, da irin kayayyakin da dukawa suka gada suna ɗinkawa. Wannan babi kuwa zai yi ƙoƙarin bayyana yadda ake haɗa rigar kariya ta kwamfutar allo a gida, tun daga awo har zuwa ɗinki. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, tsarin da Bahaushe ya daɗe yana bi wajen adana Alƙur'ani da sauran littattafai, wato tadarishi da gafaka, ya dace da wannan na'ura ƙwarai, in dai an yi masa 'yan gyare-gyare da suka shafi zafi da ƙura. Saboda haka za a fara da ma'anar kalmomi, sannan a kawo abubuwan da suke lalata na'urar, sai kayan aiki da awo, sai matakan haɗawa, daga ƙarshe kuma a kawo kurakuran da aka fi yi.

3.1 Ma'anar Kwamfutar Allo da Rigarta

Kwamfutar allo na'ura ce shimfiɗaɗɗiya, marar kauri, wadda gabanta duk gilashi ne, kuma da yatsa ake sarrafa ta. Ta fi wayar hannu faɗi, amma ba ta kai kwamfutar tafi-da-gidanka nauyi ba. Masu sayar da ita a kasuwa sukan kira ta "tab" a taƙaice. A wannan kundi an zaɓi a kira ta kwamfutar allo domin siffarta da yadda ake riƙe ta a kan cinya sun yi kama da allon makarantar Muhammadiyya.

Wannan na'ura ta bazu a duniya ne bayan da kamfanin Apple na Amurka ya fitar da iPad a watan Afrilu na shekarar 2010. Faɗin fuskarta daga kusurwa zuwa kusurwa inci 9.7 ne, nauyinta kuma giram 680. A cikin wannan shekarar dai kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fitar da tasa mai suna Galaxy Tab, mai inci 7. A Nijeriya kuwa, a shekarar 2013 gwamnatin Jihar Osun ta fara raba wa ɗaliban sakandare irin wannan na'ura da sunan Opon Imo, wanda a harshen Yarabanci yake nufin allon ilimi. Wannan ya nuna ba Hausawa kaɗai ne suke ganin kamar da ke tsakaninta da allo ba.

Dangane da kalmar riga kuwa, an ɗauko ta ne daga bakin jama'a, domin abin da ake saka wa waya don kada ta fashe "rigar waya" ake ce masa. Ke nan rigar kwamfutar allo ita ce duk wani abu da aka ɗinka ko aka manna domin ya rufe na'urar, ya kare ta daga fashewa da ƙarzuwa.

3.2 Tadarishi da Gafaka a Matsayin Abin Koyi

Alƙur'anin da alarammomin ƙasar Hausa suke rubutawa da hannu ba a ɗinke takardunsa yadda ake yi wa littattafan boko. Falle-falle ake barin su. Domin kada su lanƙwashe ko su watse, sai a sa su a tsakanin kwali biyu masu tauri, a naɗe da bangon fata mai harshe, a ɗaure da igiyar fata. Wannan bango shi ake kira tadarishi. Daga nan sai a zura shi cikin gafaka, wato jakar fata mai murfi da maratayi, wadda ake ratayawa a kafaɗa ko a jikin bango.

Idan aka duba wannan tsari za a ga ya ƙunshi abubuwa uku. Na farko akwai tauri, wanda yake hana abin da ke ciki lanƙwasa. Na biyu akwai laushi, wanda yake shanye bugu. Na uku kuma akwai rufi, wanda yake hana ƙura da ruwa shiga. Waɗannan abubuwa uku su ne ainihin abin da kwamfutar allo take bukata. Duk rigar da ta rasa ɗaya daga cikinsu, komai kyanta, ado ce kawai.

3.3 Abubuwan da Suke Lalata Kwamfutar Allo

Kafin a yanka ƙyalle ko fata, ya kamata mai haɗawa ya san abin da yake son karewa, domin Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Abubuwan su ne kamar haka:

(a) Faɗuwa. Gilashin fuskar na'urar an ƙara masa ƙarfi da sinadari, amma duk da haka bakinsa da kusurwoyinsa suna da rauni. Idan ta faɗi a kan kusurwa, nauyinta gaba ɗaya yakan taru a ɗan ƙaramin wuri, sai tsaga ta fara daga nan ta ratsa fuskar. Abu mai laushi yana rage wannan haɗari ne saboda yana sa na'urar ta tsaya a hankali. Misalin haka shi ne bambancin ƙwan da ya faɗi a kan siminti da wanda ya faɗi a kan katifa.

(b) Dannewa. Na'urar tana da faɗi, ga ta ba kauri. Idan aka sa ta a jaka tare da littattafai, aka jingina da ita a cikin mota ko aka zauna a kanta, sai ta lanƙwashe. Gilashi kuwa ba ya jure lanƙwasa. A nan soso ba ya da amfani, kwali mai tauri ne magani.

(c) Ƙura da yashi. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, wanda yake da matakai 10, ƙanƙarar dutsen da ke cikin yashi tana mataki na 7, gilashi kuwa yana wajen mataki na 6. Wato ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, don haka tana iya ƙarzar sa. Wannan matsala ta fi tsanani a lokacin hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska take kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙurar takan kuma toshe ramin caji da na lasifika.

(d) Zafi. Batirin na'urar na litiyam ne, kuma zafi yana rage masa kwana. Kamfanin Apple ya ba da shawarar a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram kuwa zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. A nan ne kwamfutar allo ta bambanta da littafi, domin ita da kanta tana fitar da zafi, littafi kuwa ba ya yi.

(e) Ruwa da laima. Ruwan damina da gumin hannu da abin sha da ya zube duk suna iya shiga ta ramukan na'urar.

Asarar da waɗannan abubuwa suke jawowa ba ƙarama ba ce. A wasu nau'o'in na'urar gilashin a manne yake da abin da ke nuna hoto, saboda haka in ya fashe sai an canza su duka. Ga ɗalibin da littattafansa da darussansa suke ciki, fashewar fuska ana gab da jarrabawa tana iya tsayar masa da karatu. Bugu da ƙari, rigunan roba da ake sayarwa a kasuwannin waya irin ta Farm Centre a Kano kowace an yi ta ne domin wani nau'i na musamman. Mai tsohuwar na'ura, ko wadda kamfaninta bai shahara ba, yakan sha yawo bai sami daidai da tasa ba. Wannan shi ne babban dalilin haɗa riga a gida.

3.4 Kayan Aiki

Kayan da ake bukata sun kasu kashi huɗu.

Kashi na farko shi ne abin da zai zama bayan riga, wato fata ko yadi mai kauri. Fatar da ta fi dacewa ita ce ta akuya, musamman jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi, saboda laushinta da ƙarkonta. Ita ce wadda a da fatake suke ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a shekarar 1851, ya yi bayanin yadda ake fitar da takalma da jemammun fatu daga birnin zuwa ƙasashe masu nisa. Majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. A Kano ana samun irin wannan fata a Kasuwar Kurmi da ta Ƙofar Wambai. Wanda bai sami fata ba yana iya amfani da tsohon wandon jins, ko saƙi, ko ragowar shadda da atamfa daga wurin tela.

Kashi na biyu shi ne abin tauri, wato kwali mai ƙarfi irin na bangon tsohon babban littafi ko na fayil. Kwalin katan yana da rami-rami a ciki, kuma yakan karye ta gefe guda. In shi kaɗai aka samu, sai a manna biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Kashi na uku shi ne abin laushi, wato siririn soso wanda kaurinsa bai wuce rabin santimita ba, ko guntun bargo, tare da ƙyallen auduga mai taushi da za a yi shafi da shi.

Kashi na huɗu su ne kayan haɗawa: almakashi, da aska ko reza, da basilla, da allura biyu, da zare mai ƙarfi, da kakin zuma na goga wa zare, da gam irin na masu gyaran takalmi, da roba mai miƙewa irin ta ƙugun wando, da abin awo, da alli.

3.5 Awo

Kowace na'ura da girmanta, don haka ba a dogara da incin da aka rubuta a kwalinta, domin wannan awon fuska ne kawai. Ana auna tsawo da faɗi da kauri. Domin sauƙin bayani za a ɗauki misalin iPad da aka fitar a shekarar 2022, mai inci 10.9, wadda tsawonta ya kusa santimita 25, faɗinta ya kusa 18, kaurinta kuma 0.7.

Ƙa'ida mafi muhimmanci ita ce kwali ya fi na'urar girma da rabin santimita a kowane gefe. Ke nan za a yanka kwali biyu, kowanne santimita 26 da 19. Hikimar wannan ƙari ita ce, idan rigar ta faɗi, bakin kwalin ne zai fara taɓa ƙasa kafin kusurwar na'urar. A lokacin awon ne kuma ake ɗora na'urar a kan takarda a zana ta, a sa alamar inda kyamara da ramin caji da lasifika da maɓallan ƙara suke.

3.6 Matakan Haɗawa

3.6.1 Riga Mai Buɗewa Irin ta Tadarishi

Wannan ita ce rigar da na'urar take zama a cikinta ko da ana aiki da ita. Ana haɗa ta kamar haka:

1. A yanka fata ko yadi mai faɗin santimita 44 da tsawon santimita 30. Lissafin faɗin shi ne: kwali biyu 38, tazarar tsakiya 2, sai ƙarin 2 a kowane gefe domin kalmasa.

2. A huda ramin kyamara a jikin kwalin baya tun kafin a manna shi, ramin kuma ya ɗan fi idon kyamarar faɗi don kada inuwarsa ta fito a hoto.

3. A shimfiɗa fatar a kife, a shafa gam a jikinta da jikin kwalayen, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a manna. A bar tazarar santimita 2 a tsakanin kwalayen. Wannan tazara ita ce gadon bayan riga, kuma in ta yi kaɗan murfin ba zai rufu ba.

4. A datse kusurwoyin fatar a karkace, a kalmaso gefunan huɗu ciki a manne. In fatar tana da kauri sai a fere bakinta da aska, kamar yadda dukawa suke yi, domin kalmasar ta kwanta.

5. A yanka soso biyu daidai girman na'urar, a lulluɓe kowanne da ƙyallen shafi. A jikin wanda zai zauna a baya sai a ɗinka roba huɗu a karkace, ɗaya a kowace kusurwa. Su ne za su riƙe na'urar. Ya kamata a gwada a tabbatar robar ba ta danne maɓalli ba, ba ta kuma rufe lasifika ba.

6. A manna sosayen a cikin rigar, a ƙarasa huda ramin kyamara a jikin fata da soso.

7. A bi gefen rigar da basilla a huda ramuka masu tazarar rabin santimita, a ɗinke da allura biyu, kowace tana shiga rami ɗaya ta fuskoki daban-daban. Amfanin wannan ɗinki shi ne, ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe. Gam kaɗai ba ya isa, domin yakan saki a lokacin zafi.

8. A ɗinka doguwar roba a jikin bayan rigar wadda za ta zagayo ta riƙe murfi. Ita ce madadin igiyar tadarishi.

9. A danne rigar da abu mai nauyi ta kwana, a kuma bar ta a iska har warin gam ya fita kafin a saka na'urar.

Wasu sukan raba kwalin murfi gida-gida domin a naɗe shi ya zama abin jingina na'urar a kan tebur, irin murfin da kamfanin Apple ya fitar tare da iPad 2 a shekarar 2011. Wannan yana da amfani ga mai kallo ko karatu, sai dai yana rage wa murfin tauri. Wanda yake yawan cusa na'urarsa a jaka gara ya bar kwalin a dunƙule.

3.6.2 Riga Irin ta Gafaka

Wannan kuwa jaka ce da ake zura na'urar a ciki idan za a yi tafiya, kuma ta fi ta farko sauƙin ɗinki. Ana yanka fata ko yadi guda ɗaya mai faɗin santimita 22 da tsawon santimita 64, wato gaba 26, ƙasa 2, baya 26, murfi 10. A yanka soso da shafi daidai wannan girma, a jera su a kan juna, a sa kwali a tsakanin fata da soso ta gaba da ta baya. Daga nan sai a ninko gaban a kan bayan, a ɗinke gefuna biyu. A ƙasan jakar ana ƙara ninkin soso, domin nan ne na'urar take dira duk lokacin da aka ajiye jakar. Murfin kuma ya sauko sosai yadda ƙura ba za ta shiga ta baki ba. Ana iya sa mata maratayi kamar gafakar asali. In ana son a zura rigar tadarishi a cikinta, kamar yadda ake yi wa Alƙur'ani, sai a yi awon gafakar da rigar gaba ɗaya.

3.7 Kurakuran da Aka Fi Yi

Kuskure na farko shi ne sa ƙarfe a ciki. Zif da maɓallin ƙarfe da ƙusa in suna taɓa na'urar sukan ƙarje ta, kuma in aka danne su sukan zama sanadin tsaga. In dole ne a sa su, to a rufe bayansu da fata ko ƙyalle.

Na biyu shi ne sa maganaɗisu ba tare da sani ba. Na'urori da yawa suna da abin da yake jin maganaɗisu, wanda yake kashe fuska idan an rufe murfi. Maganaɗisun da aka sa a wurin da bai dace ba yana iya sa fuskar ta riƙa mutuwa ana cikin aiki, yana kuma rikita abin nuna alƙibla.

Na uku shi ne barin rinanniyar fata ta taɓa na'urar kai tsaye. Rini yakan zuba idan ya haɗu da gumi ko laima. Ana gane haka ta hanyar goga fatar da jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Wannan ne ya sa shafi ya zama tilas.

Na huɗu shi ne yin manni da kunun sitaci ko na fulawa. Yana da araha, amma yana jawo kyankyasai da gara, kuma yana saki da damina.

Na biyar, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne mantawa da zafi. Soso da fata suna riƙe zafi kamar yadda bargo yake yi. Don haka ba a yin caji na'urar tana cikin gafaka, ba a kuma barin ta a rana ko a cikin rufaffiyar mota. Baƙar fata ta fi ja ko fara ɗaukar zafin rana. In aka ga bayan na'urar ya kumbura ko fuskarta ta ɗago, alama ce batir ya lalace, sai a daina caji a kai ta wurin mai gyara, kada a matse ta da riga.

Na shida shi ne rashin kakkaɓe cikin riga. Ƙurar da ta taru a jikin shafi takan riƙa goge bayan na'urar da fuskarta a hankali. Ya kamata a riƙa fitar da na'urar ana kakkaɓewa, musamman da hunturu.

Haka kuma ya kamata a lura da cewa gam ɗin takalmi yana kama wuta, warinsa kuma yana cutarwa. A tsakar gida ake aiki da shi, nesa da murhu da yara.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar kwamfutar allo da rigarta, an kuma nuna cewa tauri da laushi da rufi, waɗanda tadarishi da gafaka suka ƙunsa, su ne ginshiƙan kariyar da na'urar take bukata. An kawo abubuwa biyar da suke lalata ta, da kayan aiki, da yadda ake awo, da matakan haɗa riga iri biyu. An kuma nuna inda na'urar ta saɓa da littafi, wato tana fitar da zafi, tana da ramukan da ba a so a toshe, kuma yashi yana ƙarzar fuskarta. Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa aikin bai fi ƙarfin mai allura da zare a gida ba, haka kuma baduku da ya iya ɗinka gafaka ba ya bukatar sabon kayan aiki kafin ya shiga wannan fage, awo da sanin halin na'urar kawai zai ƙara. A babi na huɗu za a dubi irin zane-zane da adon da dukawa suke yi wa waɗannan riguna, da sunayen da suke kiran su da su.